Ranar da Na Wanke Lu'ulu'un Kaka

Ni mutum ce mai ƙyamar dauɗa. In na ga baƙi a gindin tukunya, ko ta maƙwabta ce, hannuna ƙaiƙayi yake yi. Mutanen gidanmu sun daɗe suna yi mini tsiya, wai da ina da iko da na wanke ƙasar Gwandu da sabulu na shanya a igiya. Maganar ba ta taɓa ɓata mini rai ba, don yabo nake ɗaukar ta. Sai da halin nan ya ja mini abin da har yau, shekara ashirin da wani abu, in na tuna nakan ji kunya ta rufe ni.

A gidanmu akwai lu'ulu'u ƙwaya ɗaya tak. Na kakarmu ne ta wajen uwa, wadda manya da yara duk Kaka muke ce mata. Mahaifinta ne ya zo da shi daga aikin hajji, zamanin da ake tafiya a ƙasa, mutum ya yi sallama da iyali kamar ba zai dawo ba. Ta ce a bakin teku ya same shi wajen masu nutso. Bai fi ƙwayar wake girma ba, kuma gefe ɗaya ya ɗan lotsa. An huda shi an zura baƙin zare, an sa masa ƙwayar azurfa ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Mazauninsa wata 'yar batta ce ta fata, a naɗe cikin auduga, battar kuma tana can ƙasan adakar Kaka.

Haskensa ba ya kashe ido. In Kaka ta fito da shi bakin ƙofa da hantsi, sai ka gan shi kamar madarar da aka tatso yanzu. In ta ɗan juya shi, sai wani ja-ja ya gilma, kore-kore ya biyo baya, su ɓace. Muna yara mun sha rantsuwa cewa yana haskaka ɗaki in an rufe ƙofa. Ƙarya muke yi, ni dai ban taɓa gani ba, amma na ba da labarin a makaranta ya fi sau goma.

Ba na ado ba ne da za a sa a tafi biki. Al'adarsa guda ce. Duk macen gidan da cikinta ya shiga wata bakwai, Kaka za ta ɗaura mata shi a wuya, ba ta rabuwa da shi sai in za ta yi wanka, har a yi arba'in a mayar da shi cikin batta. Mahaifiyarmu ta sa shi, 'yan'uwanta mata sun sa, ni ma na sa sau uku. Matan unguwa suna cewa mai sa'a ne. Mahaifinmu, da yake malami ne, ba ya son jin wannan magana, yakan ce a yi hattara da camfi. Kaka ba ta musu da shi. Sai dai ta ce, "Allah ke rayawa, Allah ke kashewa, malam. Wanga abokin zama ne kawai."

Abu ɗaya ne yake ba ni haushi da ita a kan dutsen nan: ba ta wanke shi. In an dawo da shi daga wuyan mai jego, sai ta goga shi a goshinta da gefen hancinta, ta share da bakin wani tsohon zane mai laushi. Wai jiki ne abincinsa. Daga nan ta kai shi bakinta ta gurza a haƙoran gaba. Duk jikokinta mata ta koya mana wannan, ta ce na gaskiya yana da ɗan gurzo kamar rairayi, na kanti kuwa santsi gare shi.

Nakan ce mata, "Tsohuwa, wata rana sai kin haɗiye shi mun huta."

Ta ce, "In na haɗiye, ke za a ba aikin nemowa, tunda ke ce sarkin tsabta."

Mace ɗaya ce a gidanmu da ba ta taɓa sa shi ba, ita ce ƙanwata, autarmu. Tana aure a Kalgo, mijinta manomin shinkafa ne. Sau uku tana samun ciki, sau uku yana zubewa, biyu a wata huɗu, ɗaya a wata shida. Ba ta taɓa kaiwa bakwai ba. Duk sunan da za a yi a dangi ita ce a bakin murhu, ita ce mai karɓar jariri in uwar za ta ci abinci. A cikina na uku ita ta ɗaura mini zaren a ƙeya saboda hannun Kaka ya fara rawa, kuma na ji yadda yatsunta suka daɗe a kan dutsen kafin ta saki. Tausayinta ya kama ni har na kasa juyowa in dube ta.

Shekararta takwas a gidan miji aka aiko daga Kalgo cewa cikinta na huɗu ya shiga wata bakwai. Lokacin mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya, ni ce a madadinta. Kaka kuwa yanar ido ta rufe mata gani, ƙafa ta ƙi, ba ta iya shiga mota. Ranar Alhamis ta kira ni ta danƙa mini battar, muka yi da ita zan tafi ranar Asabar, saboda ina koyarwa a firamare ba na samun fita sai ƙarshen mako.

Ranar Juma'a da na taso daga makaranta na buɗe battar don in duba. Kai! Azurfar nan ta yi baƙi ƙirin, zaren ya sha maiƙo ya daskare. Na ce a raina, haba, wannan zan kai wa yarinyar da ta shekara takwas tana jira? Ai ko don idon dangin miji a gyara shi.

Kowace mace a garinmu ta san yadda ake fito da hasken azurfa. A jiƙa tsamiya, a matse lemon tsami a ciki, a tsoma, in ya jiƙu a dirje da toka. Haka muke yi wa awarwaro, haka muke yi wa tasoshin jere in Sallah ta matso. Ban tsaya tunani ba. Na haɗa ruwan a kofi, na yi masa kauri don aiki ya yi kyau, na jefa abin wuyan gaba ɗayansa. Na shiga girkin rana. Baƙi suka zo, hira ta yi daɗi, aka yi azahar, aka yi la'asar. Sai da suka tafi na tuna da kofi. Na tsamo shi, na debo toka, na zauna na dirje shi da soso da iya ƙarfina, ina ma 'yar waƙata.

Da na ɗauraye, azurfa ta fito fes kamar yau aka ƙera ta. Lu'ulu'un kuwa ya yi fari fat, ya dushe, kamar idon dafaffen kifi.

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Na juya shi a rana, babu ja, babu kore. Na shafa masa man shanu, ya ɗan yi ƙyalli, na goge, ya koma. Na gwada man gyaɗa. Har goshin da nake yi wa Kaka dariya na goga shi a kai, ina yi ina roƙon Allah. A banza. Abin da aka shekara da shekaru ana tattali, na kashe shi tsakanin azahar da la'asar.

Faɗan Kaka bai dame ni ba, na saba da bakinta. Ƙanwata nake tsoro. Na san ta ciki da waje. Mace ce da wahala ta sa komai ta gani sai ta ce ishara ce. In ta buɗe batta ta ga dutsen ya mutu, abin da za ta ce shi ne: ya yi wa kowa haske, da ya zo kanta ya dushe. Za ta daina cin abinci, ta daina barci, ta zauna jiran abin da ya saba samun ta. Kuma wata biyu ne kawai suka rage mata.

Kafin magariba na sa mayafi na nufi wajen wani mai koli a bakin kasuwa. Yana da fararen duwatsun wuya na roba jere a zare, suna ta walƙiya. Na sayo tsinke ɗaya, na zaɓi wanda ya yi daidai da girman namu, na zura shi tsakanin azurfar a sabon zare. Wallahi ya fi na gaskiyar kyau a ido. Na naɗe shi a auduga na rufe batta. Na ainihin kuma na kasa yar da shi, sai na ƙulle shi a bakin zanena.

Da safe na biya in yi wa Kaka sallama kafin in tafi tasha. Na same ta a tabarma a tsakar gida tana shan hantsi, da ƙwaryar koko a gabanta. Muka gaisa, ta ba ni saƙon daddawa da kuka in kai. Na yunƙura zan tashi ke nan sai ta miƙo hannu.

Ta ce, "Kawo shi in yi mashi bankwana."

Na ce mota za ta cika ta bar ni. Ta ce motar ta daɗe ba ta cika ba. Dole na buɗe na sa mata a tafin hannu. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta murza, sannan ta kai shi haƙori. Sau ɗaya ta gurza. Ta sauke hannunta a cinya.

Ta ce, "Ina nawa?"

Ban yi gardama ba. Na kwance bakin zane na ba ta. Shi ma ta kai haƙori, ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa.

"Da mi?"

Na ce, "Tsamiya da lemon tsami. Da toka."

Ta ce, "Awa tasa," wato kamar kwano. Ta girgiza kai. "Ya ƙetare teku, ya ƙetare daji, ɓarayi ba su ci shi ba, gobara ba ta ci shi ba. Ashe ajalinshi na cikin kofin malamar makaranta."

Na fashe da kuka, ni da 'ya'yana uku, kamar yarinyar da ta fasa tulu. Na ga ita ma ruwa ya taru a idonta, ta share da bayan hannu. Kayan mahaifinta ne, shi kaɗai ya rage mata. Da na samu numfashi sai na shiga roƙonta ta bar ni in kai na robar. Na ce ƙanwata ba za ta gane ba, in ta haihu lafiya sai a gaya mata.

Kaka ta ce, "Ita ba ta da haƙori? Tare na koya muku. Ran da ta gurza ta ji santsi, za ta ce mun raina ta ne, mun hana ta na gaskiya don mun san ba ta kaiwa. In kuma kin miƙa mata wanga kin yi shiru, za ta ce daga Allah ne." Ta kamo hannuna ta sa mini dutsen a ciki ta dunƙule. "Ki tahi ki hwaɗa mata da bakinki, tun ba ki buɗe batta ba. Ki ce ke kika yi, da hannunki, da wautarki. Ki bari ta ji haushinki. Mai ciki ta kwana da haushin yayarta ya hi ta kwana da tsoro."

A gabanta na tsinke zaren na cire na robar na mayar da namu. Ta karɓi na robar ta jefa cikin ƙwaryar da ta gama shan koko, ta ce a ba yara.

Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai hagu da dama. Na sauka a Birnin Kebbi na sake mota zuwa Kalgo, wadda a lokacin ba a ma fara zancen jami'a a cikinta ba. Duk hanyar nan ina tsara yadda zan fara magana, in tsara in rushe.

Na same ta zaune a gindin darbejiya, ƙafafunta sun kumbura, ta rame a wuya. Ta yi sabon kitso, ta sa lalle hannu da ƙafa, duk don zuwan dutsen nan. Da na ga lallen sai da na so in juya. Ko ruwa ba ta bari na sha ba ta ce, "Adda, kin zo da shi?"

Na ce, "Na zo da shi. Amma tsaya ki ji." Na riƙe battar gam a hannuna na gaya mata komai, tun daga baƙin azurfa har zuwa soso. Na robar ma ban ɓoye ba. Sannan na miƙa mata.

Ta warware audugar ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Yarinyar da tun tasowarta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, sai ga ta ta miƙe da cikinta tana nuna ni da yatsa.

"Ke da wankin tsiyarki! Wa ya aike ki? Wa ya ce miki ƙazanta ta dame ni? Ke kin sa shi sau uku yana haske, ni da nawa ya zo sai kika jiƙa shi kamar za ki dama kunu! Shekara takwas, Adda. Shekara takwas!"

Ta faɗi wanda ya fi wannan zafi, har da tonon laifuffukan da na yi mata tun muna yara. Ni mai saurin fushi ce, sau biyu amsa ta zo mini har kan harshe na danne. Na sunkuyar da kai ina sauraron abu ɗaya, ko za ta ce ƙaddararta ce, ko za ta ce alama ce. Ba ta faɗa ba ko sau ɗaya. Daga farko har ƙarshe ni ce mai laifi. Maganganunta suna ci mini rai, amma a zuciyata hamdala nake yi.

Da ta gaji ta zauna, na miƙa hannu zan ɗaura mata. Ta buge hannun. Ita ta laluba ta ƙulla wa kanta a ƙeya, a karkace, ta tura dutsen cikin riga. Aka kawo tuwon shinkafa, ta ja kwanon gabanta ta juya mini baya, ta cinye tas saboda haushi. Da mijinta ya raka ni bakin hanya, ya ce rabon da ta ci abinci haka tun cikin yana wata biyar.

Wata biyun nan ko gaisuwa ba ta aiko mini ba. Amma labari yana zuwa. Duk wadda ta je duba ta sai ta zaro dutsen ta nuna mata, ta ba ta labarin yayarta mai ilimin boko da ta wanke lu'ulu'u da toka. Har mutanen ƙauyen Wurogauri da ke zuwa cin kasuwa sun ji. Na zama abin dariya a garin da ba nawa ba, kuma ba zan ce bai yi mini zafi ba. In na kai ƙara wajen Kaka sai ta ce, "Tana ci?" In ce an ce tana ci. Ta ce, "To, mi kike so kuma?"

Ana tsakar yankan shinkafa aka aiko ta sauka, mace, uwa da ɗiya lafiya. Ban jira suna ba, washegari na kama hanya. Na shiga ɗakin na tsaya daga bakin ƙofa, don ban san da wace fuska za ta karɓe ni ba. Tana kishingiɗe, dutsen yana kwance a ƙirjinta, fari, ba haske. Ta dube ni, ta dubi jaririyar, sai ta ɗago ta ta miƙo mini.

Ta ce, "Ungo, riƙe ta. Amma don Allah kada ki jiƙa ta a tsamiya."

Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya. Ni kuwa na rungume yarinyar ina kuka, hawaye yana ɗiga a zanen goyonta, ban ma damu da ya ɓaci ba.

Bayan arba'in na mayar wa Kaka da kayanta. Ta goga a goshi, ta share, ta gurza a haƙori, ta rufe battar, sai ta sa mini a cinya. Na ce ni? Bayan abin da na yi? Ta ce, "Duk gidan ga ke kaɗai na tabbata ba za ki ƙara wanke shi ba." Ba ta ga damina ta gaba ba, Allah Ya ji ƙanta.

Hasken bai dawo ba. Wuyan mata da yawa ya bi tun daga lokacin, ya ɗan yi laushi a ido, amma jan nan da koren nan sun tafi ke nan. 'Yan bayanmu ba su san yana da su ba, a wajensu haka lu'ulu'un Kaka yake. Azurfar ta sake yin baƙi ƙirin, kullum na buɗe battar sai hannuna ya yi ƙaiƙayi, in mayar in rufe.

Watan jiya aka bugo mini waya daga Kalgo. Jaririyar nan da aka ce kada in jiƙa, ita ce cikinta ya shiga wata bakwai. Na je na same su a gindin darbejiyar nan, ita da uwarta. Na buɗe battar, na goga dutsen a goshina, na share da bakin mayafi, sannan na miƙa wa ƙanwata, don ɗiyarta ce, ita ya kamata ta ɗaura. Ta karɓa ta riƙe shi a tafin hannu. Sai ta maido mini.

Ta ce, "Adda, ɗaura mata. Nawa a karkace na ƙulla."

Yarinyar ta sunkuyo da kai, na zagaya bayanta na kama bakin zaren biyu.